Ranar da Sulaiman Ya Zo Neman Teburinsa

Cikin duk ranakun da na yi a wannan ofis na kula da ma'aikata, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Lahadi a farkon watan Rajab, ranar da mai gadi ya bugo mini waya ya ce ga wani mutum a bakin ƙofa bisa keken guragu, wai shi ma'aikacinmu ne, ya zo a nuna masa teburinsa. Ku sababbi kuna yawan cewa na cika tambaya kafin in sa hannu a takardar ɗaukar mai buƙata ta musamman. To, ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ban daɗe da dawowa wannan kujera daga sashen direbobi ba. Kamfaninmu, ga wanda bai sani ba, wankin zannuwan gado da tawul na otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami yake yi. Ginin yana nan Makka, bayan unguwar Rusaifa. A ƙasa akwai injinan wanki da na guga da wurin lodi, a sama kuma ofisoshi, tsakaninsu matakala ce kawai. Yawancin masu aikin injin baƙi ne, 'yan Bangaladash da Indiya da 'yan'uwanmu na Nijar, kowa da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, wadda sai kamfani ya sabunta masa.

Dole in bayyana yadda tsarin yake, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. Hukuma tana auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka. In ka cika adadi kana cikin kore, in ka gaza sosai ka faɗa ja, wanda ke ja kuwa ba ya iya sabunta iƙamar baƙinsa. Domin a ƙarfafa ɗaukar nakasassu, sai aka sa ɗan ƙasa mai nakasa ya fi mutum ɗaya nauyi a wannan ma'auni. Ban da haka akwai tallafin gwamnati: a ɗauke wa kamfani wani ɓangare na albashinsa, a taimaka masa da abin hawa, a kuma taimaka wajen gyara wurin aiki ya dace da shi. Niyyar kyakkyawa ce. Amma wasu kamfanoni sun gano gajeriyar hanya: a sa sunan mutum, a riƙa tura masa albashi, a ce ya yi zamansa a gida. Kamfani yana kore, babu wanda ya fasa bango ko ya faɗaɗa ƙofa.

Da na sauko, na tarar da shi a gindin matakalar shiga, rana tana dukansa. Saurayi ne da bai kai talatin ba, farar jallabiyarsa ta sha guga, ga ledar abincin rana a cinyarsa, kamar kowane ma'aikaci da ya fito da niyyar wuni. Na gaishe shi da Larabci, ya amsa, ya miƙo mini katinsa na ɗan ƙasa. Da na ga sunan, na dubi fuskar, sai na juya harshe zuwa Hausa.

"Ɗan gidan wa ne?"

Ya yi murmushi. "Gidan Malam Isa mai ɗinki. Sunana Sulaiman. Kai ne Yaya Bashir na unguwar Hindawiyya? Mahaifiyata ta ce in na same ka na huta."

Ni da mai gadi muka ɗaga keken muka haye da shi cikin inuwa. Na koma sama na duba kwamfuta. Gaskiyarsa ce: sunansa yana nan shekara guda da ɗoriya, mataimakin ofis, tare da wasu mutum biyu irinsa waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na sauko da ruwan sanyi na zauna kusa da shi a kan wani buhun tawul.

Ya ba ni labari ba tare da ɗaga murya ba. Hatsarin mota ya yi yana ɗan sakandare, ƙafafun suka daina aiki. Ya yi difloma a fannin kwamfuta. Wani mai bin takardun kamfanoni ne ya zo har gida ya ce an sama masa aiki, ya sa hannu, in an shirya wuri za a kira shi. Albashi ya fara shiga, kira bai zo ba. Duk sanda ya buga waya sai a ce ya ƙara haƙuri.

Na ce, "To me ya fito da kai yau?"

Ya ɗan sunkuyar da kai. "Aure nake nema, Yaya. Uban yarinyar, Baba Mudi, tsohon direban tasi ne. Wallahi bai ce komai game da ƙafafuna ba, Allah ya saka masa. Tambaya ɗaya ya yi mini: da safe ina kake zuwa? Na ce ina da albashi. Ya ce ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Na koma gida na ga ashe ni ma tambayar da nake gudu ke nan."

Na je na sanar da mudir, wato manajanmu, Abu Nayif. Mutum ne mai saurin magana, ba mugu ba, amma in Ramadan ya gabato ba ya ganin komai sai zannuwa. Ya sauko da kansa, ya gaisa da Sulaiman hannu biyu, ya saurara. Sai ya yi dariya ya ce da Larabci ai wannan mai sauƙi ne: duk ranar da surukin zai zo a sanar da shi, zai sa a ajiye tebur da kwamfuta a ƙasa, har da mai kawo shayi.

Sulaiman ya ce, "Na gode, ya ustaz. Amma ba don a gan ni na zo ba. In akwai aiki ku ba ni. In babu, ku cire sunana, in je in nema a wani wuri."

Fuskar Abu Nayif ta canza. Muna hawa matakala ya riƙe hannuna, ya kira ni da alkunyata ya ce, "Abu Hafsa, ka san abin da cire sunansa ke nufi? Muna bakin layi. Mu zame daga kore ana saura wata biyu azumi, iƙamar rabin masu guga tana ƙarewa. Ɗan'uwanku ne, ka lallashe shi."

Na ce ba zai lallasu ba, na ga idonsa. Amma akwai gurbi. Mai karɓar wayar otal-otal da tsara fitar motoci ya bar aiki tun watan jiya, direbobi suna ta cin karo da juna. Aikin waya ne da kwamfuta. Abu Nayif ya ce ai wannan tebur a sama yake. Na ce tebur ba shi da saiwa, a sauko da shi.

A ɗakin hutun direbobi da ke kusa da wurin lodi muka ware masa kusurwa. Direbobin sun yi gunaguni, don an ɗauke musu kujerar da suke miƙewa a kai. Kafinta ya haɗa katako a kan matakalar shiga, mai tudu sosai, sai an tura shi yake hawa. Ranar Laraba Sulaiman ya fara aiki.

Ba zan ce ya zo ya gyara duniya ba. Makon farko ya tura motar wani otal zuwa wani, aka kai musu tawul mai tambarin da ba nasu ba, Abu Nayif ya yi ta faɗa har ana ji daga wajen injina. Da yamma na je in ba shi haƙuri, na tarar yana murmushi. Ya ce, "Yaya, yau an yi mini faɗa a wurin aiki. Tun da na yi hatsari babu wanda ya ɗaga mini murya, kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai." Bai sake yin wannan kuskuren ba, ko da yake ya yi wasu.

Baba Mudi kuwa bai sanar da kowa ranar zuwansa ba. Wata safiya sai ga dattijo da sanda a wurin lodi yana tambayar Sulaiman. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya same shi waya a kunne yana gardama da wani otal a kan zannuwan da suka ce ba a kai ba, ga direba tsaye a kansa yana jiran umarni. Sulaiman ya ɗaga masa hannu alamar ya ɗan jira. Dattijon ya jira, ya sha shayin direbobi, ya gaisa da shi a gurguje, ya kama hanya. Na raka shi bakin titi. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Yaron bai samu lokacina ba. Madalla."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe babbar tana gaba.

Wajen mako na uku na lura Sulaiman ba ya shan komai. A kawo shayi ya ce ya ƙoshi, a miƙa masa ruwa ya ajiye. Ku kun san zafin ƙasan nan in injinan guga suna aiki, ga zafin Makka a waje. Leɓensa ya bushe, da la'asar idonsa ya yi ja. Na tambaye shi ko azumin nafila yake, ya ce a'a. Da na matsa, sai ya rage murya.

"Kekena ba ya shiga banɗakinku, Yaya. Ƙofar ta yi ƙanƙanta. Sai in jira azahar in gangara masallacin bakin titi, nasu yana da faɗi. Shi ya sa nake rage ruwa."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da ƙyar na samu tebur. In na ce a fasa bango, sai a ce ga abin da ake gudu."

Mai irin lalurarsa in ya hana kansa ruwa, ƙoda ce za ta biya. Na hau sama na gaya wa Abu Nayif dole a gyara banɗaki, a yi hanyar keke ta gaske, kuma akwai tallafi domin haka, ba mu taɓa nema ba. Ya ce ya sani. Abin da ya hana nema shi ne, kafin a amince sai an turo jami'i ya ga wurin, ya ga ma'aikacin, ya yi tambayoyi. Jami'in da ya ga an ɗauki mai keke fiye da shekara a ginin da kekensa ba ya shiga banɗaki, ba sai an gaya masa komai ba. Gyaran kuma ba ƙarami ba ne, bututun ruwan injina ya bi ta bangon, masu kamfani ba za su saki kuɗinsa a bakin azumi ba.

Mun kwana biyu muna wannan magana. Na ce masa ko mun nema ko ba mu nema ba, masu bincike suna zagayawa, kuma gara su same mu mun kira su da su same mu mun ɓoye. A ƙarshe ya ce in tura buƙatar. Amma ya kira Sulaiman ya roƙe shi, in an tambaye shi ya ce daga gida yake aiki a watannin baya.

Sulaiman ya ce, "Ya ustaz, ba zan tona ku ba, kun yi mini alheri. In ba a tambaye ni ba, bakina a rufe. Amma in an tambaye ni, ba zan ce na yi aikin da ban yi ba."

A tsakiyar Sha'aban jami'ar ta zo, mace ce mai matsakaicin shekaru, Ustaza Huda, da ma'aunin tela a jakarta. Abu Nayif ya shirya mata gahawa da dabino a sama, ta ce sai ta gama. Ba ta tambayi mudir komai ba, ba ta tambaye ni ba. Ta ce wa Sulaiman ya nuna mata wuninsa tun daga inda mota ke sauke shi. Ta bi shi a baya. Ta ga yadda mai gadi ke tura shi a katako, ta auna tudun. Ta auna ƙofar banɗaki. Ta ga gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashin tebur, a karkace yake rubutu, abin da mu da muke tare da shi kullum ba mu lura ba. Da ya ambaci masallacin bakin titi, ta ce su je. Ta taka cikin rana har can ta dawo, gumi ya jiƙa mata goshi.

Sannan ta zauna a kujerar direbobi ta buɗe kwamfutarta. Ta dubi allon, ta dubi Sulaiman.

"Tun yaushe kake zuwa wannan ginin?"

Na ji ƙarar injina ta yi nisa. Ta taga ina hango masu guga suna ninke zannuwa, mutanen da ba su san ana maganar zamansu a ƙasar ba. Akwai wani Hamidu, ɗan Maraɗi, da ya gaya mini da safen nan cewa da kuɗin Ramadan zai rufe ɗakin mahaifiyarsa. Sulaiman ya buɗe baki, sai Abu Nayif ya ɗaga hannu.

"Ni ya kamata in amsa, ya ustaza. Tun farkon Rajab. Kafin nan muna biyansa yana gida. Ya sha neman a kira shi, mu ne ba mu kira ba. Akwai wasu biyu kamarsa."

Ta daɗe tana rubutu. Ta ce za ta kai rahoto yadda ta gani, da abin da ya gabata da abin da ake ciki, hukunci ba a hannunta yake ba. Da za ta tafi ta juya ga Sulaiman ta ce, "Kai kuma daga yau ka sha ruwa. Kafin a gyara, kamfani zai riƙa kai ka masallacin a mota duk sanda ka buƙata. Na rubuta." Gahawar ba ta sha ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son in sake irinsu. Abu Nayif ya daina faɗa, wanda ya fi faɗan ban tsoro. Masu kamfani suka kira shi Jidda. Duk safiya kafin in cire takalmi sai na buɗe shafin hukuma in ga launinmu. Sulaiman ya same ni ya ce in abin ya ɓaci shi ne sila, mutane za su rasa abincinsu saboda tebur ɗaya. Na ce masa ba shi ya sa sunansa a gida ba. Da ƙarfi na faɗa masa.

Ana gab da ganin watan Ramadan amsa ta zo. An umarci kamfani ya mayar da tallafin albashin watannin da ba a yi aiki ba, an ci mu tara, an ba mu gargaɗi a rubuce. Sauran biyun kuma ko su fara aiki na gaske cikin wa'adi ko a cire su. Amma saboda mu muka kira, kuma an tarar da ma'aikacin yana bakin aiki, ba a dakatar da mu ba. A ƙasan saƙon kuma an amince da gyaran: banɗaki, hanyar keke, tebur, da tallafin mota. Na karanta, na sake karantawa, na duba launi, kore. Na sauka da gudu kamar yaro. Abu Nayif yana wurin lodi, na gaya masa, ya zauna a kan buhun tawul ya rufe fuska da hannu yana ta alhamdu lillahi. Sulaiman kuwa ya ɗauki gorar ruwa ya shanye ta tas. A makon nan na sabunta iƙamar Hamidu da sauran.

In kun tambaye ni ko tallafin ya yi aiki, zan ce ya yi, amma ba a rana ɗaya ba, kuma ba duka ba. Tebur ya iso cikin azumi. Tallafin mota ya fara ba da daɗewa ba, ya huta da roƙon ƙannensa su kawo shi aiki. Banɗaki sai bayan Sallah aka gama, don takardu sun yi ta kai da komowa a kan bututun nan. Hanyar keke kuwa ɗan kwangila ya zuba ta da tudu, sai da Sulaiman ya hau a gabansa keken ya dawo da baya, sannan ya yarda ya fasa ya sake.

Sauran biyun ma ba su zo daidai ba. Ɗaya kurma ce, Maimuna, ta yi murna, tana nan sashen duba zannuwa har yau, kun san ta. Ɗayan dattijo ne mai ciwon baya, ya ce shi ba zai iya fita kullum ba, kuma gaskiyarsa ce. Aka cire sunansa, na taimaka masa ya nemi tallafin da ya dace da halinsa, wanda bai kai albashin ba. Har yanzu in mun haɗu a Hindawiyya da ƙyar yake amsa sallamata. Ban ga laifinsa ba. Gurbinsa muka cike da samari biyu 'yan ƙasa a sashen lodi.

Abin da na koya shi ne, gwamnati tana iya ba da kuɗi, amma kuɗi ba ya ganin cewa mutum ya daina shan ruwa. Wannan sai wanda ke zaune kusa da shi. Tallafin nan yana nan tun ranar da aka sa sunan Sulaiman, babu abin da ya canza a rayuwarsa sai da wata ta zo ta bi shi a baya daga ƙofa zuwa tebur, daga tebur zuwa masallaci, tana tambayarsa shi, ba mu ba. Na kuma koyi cewa mutanen wannan sana'a tamu, har da masu neman gajeriyar hanya, yawancinsu tsoro ne ke tuƙa su ba mugunta ba, kuma in aka zo gaɓar gaskiya wani yakan ba ka mamaki.

Don haka in kun kawo mini takardar ɗaukar mai buƙata ta musamman, kada ku fara da gaya mini nauyinsa a ma'auni. Ku tashi ku je ku same shi, ku zagaya ginin tare, ku bar shi ya yi gaba kuna biye. In kun dawo da ƙura a takalmanku, sai in sa hannu.